Tsohuwar kwamfutar tebur da jaka 40 a hannu: me za a fara saya?

Wani ɗalibi daga Yamai ya yi tambaya kamar haka: "Kawuna ya ba ni tsohuwar kwamfutar tebur, Dell OptiPlex 7010 mai ƙaramin akwati, Core i3, RAM giga 4, faifan ajiya giga 500. Tana kunnuwa, amma sai an yi ta jira, kuma in na buɗe intanet da Word tare sai ta tsaya cak. Jaka 40 gare ni, ban taɓa buɗe cikin kwamfuta ba. Wani ya ce in sayi i7, wani ya ce katin hoto. Wanne zan fara saya?"

Ƙanena, cikin biyun nan babu wanda za ka fara da shi. Kwamfutar da ke hannunka ta 2012 ce, an ƙera ta don aikin ofis, kuma furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aikinta (i3 da i7 duk nau'inta ne), har yau ba ta gaza rubutu, intanet da darasi ta bidiyo ba. Abin da ke ja mata baya shi ne faifan nan mai juyawa, sai ƙarancin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da ke buɗe, sai ƙura. Don haka kuɗinka su bi wannan hanya: shara tukuna, wadda kusan kyauta ce, sannan SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ke maye gurbin faifai, sannan RAM, abin da ya rage a kare ta daga matsalar wuta. Furosesa da katin hoto su jira, mai yiwuwa ma ba za ka taɓa bukatarsu ba.

Kafin ka fitar da ko dala, tabbatar da wannan da idonka. Kunna ta, ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Gestionnaire des tâches, tagar da ke nuna aikin da kwamfutar ke yi, zai buɗe. Shiga shafin Performance, sannan ka buɗe ayyukan da ke sa ta tsayawa. In Windows 10 ce a kanta, za ka ga furosesa, RAM da faifai kowanne da nasa awo. A irin wannan inji, abin da aka saba gani shi ne faifai ya manne a kashi 100, RAM ya cika kusan baki, furosesa kuwa tana zaune ba ta kai ko rabi ba. In haka ka gani, sayen i7 zubar da kuɗi ne, domin ita ma zama za ta yi tana jiran faifai. Ka kuma sauke ƙaramar manhajar nan ta kyauta, CPU-Z. Shafinta na SPD zai nuna maka abin da ke cikin kowane gurbin RAM: baret, wato siririn sandan RAM, ɗaya ne na giga 4 ko biyu ne na giga bibbiyu. Rubuta wannan a takarda tare da lambar furosesar. Sannan ka kwashe duk takardu da hotunan da ke da muhimmanci zuwa kile ko waya, har da na kawunka in akwai, tun kafin ka taɓa komai.

Buɗe akwatin bai kai abin tsoro ba. Kashe ta, cire igiyar wuta daga bango, ka danne makunni kamar daƙiƙa 10 don sauran wutar da ke ciki ta fita. Wannan samfurin maƙalli gare shi a gefe, ɗaga shi kawai murfin zai taso, ba sai da turnabis ba. Ɗauki hoton cikin da wayarka kafin ka zare kowace igiya, shi zai nuna maka inda kowacce take in ka rikice. Ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama wani abu a ciki, musamman lokacin hunturu, don busasshiyar iska na tara wuta a jikin mutum, kuma ɗan tartsatsin da ba ka ma ji ba ya isa ya lalata baret. Kowane kaya a kama shi ta gefe, kada yatsa ya hau haƙoransa masu ruwan zinariya.

Abu biyu za ka duba da ido. Na farko, ƴan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban allo, wato kart mer: samansu ya zama shimfiɗaɗɗe. In ka ga waɗanda suka kumbura ko suka fitar da wani abu ruwan ƙasa, allon ya kama hanyar mutuwa, kada ka sayi komai sai SSD, shi ma don za ka iya ɗauke shi zuwa wata kwamfutar. Na biyu, bayan akwatin wuta. Wasu tsofaffin injuna suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Wutarmu bolt 220 ce, dole ya tsaya a 230. Injin da ya fito daga Amurka aka bar shi a 115 yana ƙonewa nan take da an jona shi.

Fitar da ita waje don shara. Burushin fenti busasshe mai laushi da abin hura iska na hannu sun isa. Riƙe fanka da yatsa in kana hurawa, don in iska ta juya ta fiye da ƙima tana lalata ta. Kada ka kai wa mai faci ya hura da injin taya: iskarsa ta yi ƙarfi, kuma takan zo da ruwa da mai. Akwatin wuta a hura ta ramukansa kawai, ba a buɗe shi, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire igiya. Inda ƙura ta fi yin ɓarna shi ne tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa yana kwashe mata zafi, tana toshe su kamar an lulluɓe mutum da bargo a tsakiyar watan Afrilu. Furosesa in ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa kwamfutoci da yawa a Yamai suke ƙara nauyi da rana tsaka lokacin da zafi ya haura 40. Man isar da zafi, wato pâte thermique, da ke tsakanin furosesa da wannan ƙarfen, in ba a taɓa sauya shi ba, ya daɗe da bushewa. Kwance kusoshi huɗun kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ka ɗaga ƙarfen, ka goge tsohon man da alkol mai digiri 90 na famasi da tsumma mai tsabta, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar ka ɗaure a tsallake kamar yadda ka kwance. Ba a cire furosesar daga gurbinta don wannan aiki. Kuma kada ka manta da mayar da igiyar fanka, mantuwa ce da sabon hannu ya fi yi. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka zafin daga baya: in yana kaiwa digiri 90 lokacin aiki, ƙarfen bai zauna daidai ba.

Tunda akwatin na buɗe, sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. In ya mutu, kwanan wata na komawa baya duk sanda aka ɗauke wuta, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna cewa babu tsaro, mutum ya zaci ƙwayar cuta ce ta shiga.

SSD shi ne zai canza maka kwamfutar gaba ɗaya, a nan ya kamata mafi yawan kuɗin su tafi. Tsohon faifai ƙarfe ne da ke juyawa, da allura mai yawo tana neman bayani, kowane nema na cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Windows kuwa dubban ƙananan fayiloli take karantawa a warwatse, lokacin tashi da lokacin buɗe kowace manhaja. SSD ba shi da abin da ke motsi, nemansa ya fi na faifai sauri kusan sau ɗari, kuma yana karanta mega 500 da ɗoriya a daƙiƙa inda faifai ke tsayawa tsakanin 100 da 150. Wanda za ka nema shi ne SATA mai inci 2.5, mai faɗin tafin hannu. Siririn nan mai kama da baret, M.2 ko NVMe, ba shi da gurbi a allonka, ko an rage maka kuɗi kada ka karɓa. Giga 240 ko 256 shi ne daidai. Na 120 yana cika da wuri bayan Windows ta yi sabuntawarta, kuma SSD in ya cika maƙil yana rage gudu, ana so a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai.

A nan ne ake cutar masu saye, don haka ka natsu. Araha ba ta ado: akwai SSD na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, akwai kuma waɗanda aka rubuta musu girman da ba su da shi, suna karɓar fayil har su wuce ainihin girmansu, sannan abin da ka ajiye ya lalace ba tare da wani gargaɗi ba. Ko a Babbar Kasuwa za ka saya, ko Katako, ko shagon unguwa, ka nemi a jona shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo. Tana nuna lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Wanda aka ce sabo ne amma ya nuna dubban awanni, ka san na hannu ne, sai a yi cinikin na hannu. Na hannu mai lafiya sama da kashi 90 ba laifi ba ne. In ka koma gida, kafin ka ɗora masa komai, manhajar H2testw tana cika shi da bayani ta sake karantawa, ita ce ke tona asirin girman ƙarya. Ka karɓi rasit, ku kuma yi magana a fili kan kwanakin da za ka iya mayarwa.

Sanya shi ba wuya. Igiyoyi biyun da ke jikin tsohon faifai, siririya ta bayani da mai faɗi ta wuta, su za ka zare ka sa wa SSD. Bakinsu lanƙwasa gare shi, ta fuska ɗaya kawai suke shiga, kada ka tilasta. Bi siririyar ka tabbata tana gurbin da aka rubuta SATA0 a kan allo. SSD ya fi mazaunin faifai ƙanƙanta, amma tunda ba ya motsi, ɗaure shi da ɗan zaren roba ya wadatar, muddin bai tare hanyar iska ba. In kana son tsohon faifan ya zauna a matsayin wurin ajiya na biyu, sai ka sayi igiyar wuta mai rassa biyu, domin ta DVD a ƙaramin akwati siririya ce, ba ta shiga faifai.

Shawarata ka ɗora tsarin aiki sabo fil, kada ka kwafo tsohon da duk tarkacensa. Kana bukatar kile na giga 8 da manhajar Rufus, kuma fayil ɗin Windows ya haura giga 5, gara ka sauke shi inda akwai wifi da ka ƙone kuɗin data. Da ka kunna, yi ta danna F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo, ka nemo SATA Operation ka sa shi a AHCI. Yi wannan kafin ɗorawa, don in ka sauya bayan an gama, Windows shuɗin allo za ta nuna ta ƙi tashi. Sannan F12 ka zaɓi kile. Lokacin ɗorawa tsohon faifan ya kasance a cire. In yana jone, Windows takan ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da ya mutu ko ka cire shi sai SSD ya ƙi tashi alhali lafiyarsa lau. Zaɓi mai bit 64 ko da me za a ce maka, don mai bit 32 ba ta ganin fiye da giga 3 da ɗan wani abu, RAM ɗin da za ka ƙara ya tashi a banza. In Windows 10 mai lasisi ce a kan injin tun da, ka ɗora iri ɗaya da ita, Pro ko Famille, takan gane allon ta kunna kanta da an shiga intanet.

Akwai maganar da dole ka sani a nan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020. Windows 11 a ƙa'ida tana neman furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama da TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro, taka kuwa ba ta wuce ƙarni na 3 ba. Windows 10 za ta ci gaba da aiki, sai dai ramukan tsaro da ake ganowa ba a toshe su kamar da. Ga mai rubutu da bincike, Linux Mint zaɓi ne na gaske: kyauta ce, ana sabunta ta, ba ta da nauyi, tana zuwa da LibreOffice mai buɗe fayilolin Word da Excel, kuma akwai ta da Faransanci. Kana iya gwada ta daga kile ba tare da ka ɗora ba, ka ga ko firintarka da wifi suna aiki. Illarta ita ce tsarin shafi yakan ɗan gurɗe a takardu masu tebur da yawa, kuma in makarantarku ta wajabta wata manhaja ta Windows, zama kan Windows ya fi maka sauƙi. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima ake zubawa a kasuwa da sunan mara nauyi: an cire mata kariya, kuma ba ka san me aka cusa a madadin ba.

Sai RAM. Injinka DDR3 yake ci, gurbi huɗu gare shi, kuma giga 8 ne burinka. Giga 16 ba za ka ji bambancinsa a aikin rubutu ba, bar kuɗin. In CPU-Z ya nuna baret ɗaya na giga 4, ƙara ɗaya irinsa. In biyu ne na giga 2, ƙara biyu na giga 2 ko ɗaya na giga 4. Karanta takardar da ke manne a jikin baret ɗin da kanka: PC3-12800U ko PC3-10600U. Harafin U na ƙarshe shi ne abin lura. Wanda ya ƙare da R na manyan injunan saba ne, yana da araha, yana shiga gurbin daram, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. PC2 da PC4 tsagarsu ba ta dace da gurbinka ba, gajeren baret kuma na kwamfutar hannu ne. In ka haɗa mai gudun 1600 da mai 1333, duka za su koma 1333, ba matsala ba ce. Baret biyu a sa su a gurabe masu maƙallai launi ɗaya, don su yi aiki tare a layi biyu. Buɗe maƙallan gefe, daidaita tsagar, ka danna kai biyun da manyan yatsu har maƙallan su rufe da kansu. Yana son ƙarfi fiye da yadda sabon hannu ke zato. In bayan haka allon kallo ya ƙi kawowa, makunni na ƙyafta ruwan goro, kusan kullum baret ne bai zauna ba. Cire igiyar wuta, zare shi, goge haƙoransa da magogin fensir, ka mayar. In ya ƙi, gwada su ɗaya bayan ɗaya ka gano mai laifin. In komai ya tashi, danna F12 ka zaɓi Diagnostics, gwajin Dell na ciki zai bincika RAM ɗin. Mafi sauƙi duka, ka ɗauki akwatin kan babur zuwa shagon a gwada a gabanka kafin ka biya.

Ragowar kuɗin na wuta ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi, ɗaukewar wuta da raguwar ƙarfinta sun fi yawa, kuma kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta hannu. Yankewa ana tsakar rubutu kan SSD na iya lalata Windows, dawowar wuta da ƙarfi kuma na kashe akwatin wuta. Ondiler, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai VA 650 ya ishe akwatin da allon kallo, zai ba ka ƴan mintuna ka adana aiki ka kashe lafiya, iyakar aikinsa ke nan. Batirin cikinsa, yawanci mai bolt 12, zafi na cinye shi da wuri, don haka na hannu sai an gwada: a jona kwamfuta, a zare daga bango, a ga ko ya riƙe. Kada a jona masa firinta mai leza, tana jan wuta fiye da ƙarfinsa. In jaka 40 ɗin ba su kai nan ba, sayi mahaɗar wuta mai kariya, ka saba da zare igiya da an ɗauke, kuma in an dawo da ita ko an tada gurup ka dakata ƴan mintuna ta daidaita. Sabunta BIOS kuwa kada ka kusance shi babu ondiler, yankewa a tsakiyarsa na iya kashe allon.

In ka yi wata guda da SSD da giga 8, ka ga furosesa ce yanzu ke manne a kashi 100, to a yi maganarta. Gurbin furosesarka LGA1155 ne. Core i5-3470 ita ce ta dace: ƙwaƙwalwa huɗu maimakon biyun i3, kuma ta fi i7-3770 araha nesa ba kusa ba, alhali a aikin yau da kullum bambancinsu kaɗan ne. Duk mai lamba dubu huɗu, kamar i5-4570 ta gurbin LGA1150, ba ta shiga. Haɗarin aikin yana cikin gurbin, inda allurai sama da dubu suke a tsaye. Ɗaya ta lanƙwashe, allon na iya tafiya. A ajiye furosesa a hankali bisa tsagoginta biyu, ba a dannawa, ba a ja.

Katin hoto na mai wasanni ne ko mai haɗa bidiyo. Akwatin wutarka wat 240 ne, ba shi da igiyar ƙarin wuta ta kati, kuma akwatin siriri ne, sai gajeren kati mai gajeren ƙarfen baya. GT 1030 mai GDDR5, wanda ke cin wat 30, shi ne ya dace. Akwai irinsa mai DDR4, suna ɗaya amma ya fi shi rauni sosai. GT 210 da GT 710 ba su ƙara maka abin a zo a gani. In kuma ka ga GTX 1050 Ti mai bakin VGA da araha, ka yi zargin tsohon kati ne aka sauya wa suna. Idan don ka jona talabijin ne kawai, ba kati kake bukata ba: injin yana da VGA da DisplayPort biyu, ƙaramar mahaɗa daga DisplayPort zuwa HDMI ta isa.

Ka riƙa auna abin da za ka kashe da farashin wata kwamfutar da aka yi amfani da ita amma ta fi taka sabunta. In jimillar gyaran ta kusa kai can, tsaya a SSD da RAM ka tara sauran. SSD da ondiler za su bi ka zuwa kowace kwamfuta ta gaba, DDR3 da furosesar 1155 kuwa a nan za su ƙare, shi ya sa ba a zuba musu kuɗi da yawa. Tsohon faifan kuma kada ka goge shi nan da nan. Ajiye shi yadda yake na mako biyu, har ka tabbata sabon tsarin ya zauna kuma babu fayil ɗin da ka manta, sannan ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. In ta nuna shuɗi, goge shi ka mai da shi wurin ajiyar bidiyo da kwafin takardu. In ta nuna rawaya ko ja, kwashe abin da ke ciki ka cire shi daga akwatin.